Man Giyar Tsohuwar Mota Otomatik: Yaushe Ake Juye Shi, Yaushe Ake Wankewa, Yaushe Ake Ƙyalewa

 Maganarmu ta wannan fitowa a kan man giyar mota otomatik take, watau motar da ke canza giya da kanta, wadda ba ta da kuloci a ƙasan ƙafa. Gardama ta yi yawa a kansa a tasha da gareji. Wani ya ce tsohuwar mota kada ka kuskura ka taɓa mata man giya, ranar da ka juye shi ranar za ta kwanta. Wani ya ce a'a, a kai ta a ɗaura mata inji a wanke ta tas. Kowannensu yana da ɗan abin da ya gani, amma gaskiyar tana da tsawo, kuma kuɗin mutane ne ke tafiya a tsakani. Shi ya sa muka ga ya kamata a warware ta daki-daki.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu

A da, zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa 504 a 1975, kusan duk motar da ke kan hanyar nan mai kuloci ce. In batir ya mutu a tura ta ta tashi, in giya ta yi gardama bakanike ya kwance ta a gindin bishiya. Daga baya motocin da muke ce wa Beljiyam suka cika kasuwa. Shekaru da yawa ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a koro su ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi, sa'an nan su gangaro ta Ɗan Isa. Da yawansu, musamman Toyota da Honda da aka yi amfani da su a Amurka, otomatik ne.

To, tun daga nan abubuwa suka yi ta canzawa. Ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. A Agusta 2019 aka rufe iyakoki, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. A cikin 2023 ɗin kuma aka janye tallafin fetur, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Duk wannan ya taru ya sa wanda ke da tsohuwar mota ya ƙara riƙe ta da kyau, don maye gurbinta ya yi tsada. Giyabos ɗin Beljiyam da za ka nemo a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, daga waje yake zuwa, farashinsa dala yake bi. Kuɗin galan biyu ko uku na mai ba su kama ƙafar kuɗinsa ba. Ga dillali kuma akwai abin da ya fi kuɗin, watau sunansa. Motar da ka yi wa tsaye aka saya, in ta kwanta bayan mako biyu, ƙofar gidanka za a fara zuwa kafin a nemi bakanike.

Aikin da man ke yi a ciki

A motar kuloci man giya shafawa kawai yake yi, don haƙoran ƙarfe kada su ci juna. A otomatik aikinsa huɗu ne.

Na farko, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife, kanikawa suna ce mata kombata. A cikinta akwai fukafukai biyu suna kallon juna. Ka ɗauka fanka biyu ce ka ajiye gaba da gaba, ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. To a kombata mai ne a madadin iska.

Na biyu, akwai famfo da inji ke juyawa, yana tura man da ƙarfi ta cikin wasu 'yan siraran hanyoyi da bawul-bawul, man ya je ya matse faifan da ake ce wa faiba. Matsewar nan ita ce shigar giya. In ƙarfin man ya ragu, faiba ba ta kamawa sosai, sai ta riƙa sulɓewa tana ƙonewa.

Na uku shafawa. Na huɗu kwashe zafi: man yana fita ta tiyo ya bi ta wani ɗan bututu da ke cikin lagireto, ya huce, ya komo.

Ka ga ke nan abin da ke ɗaukar kaya huɗu dole ya gaji. Babban abin da ke gajiyar da shi zafi ne. Man yana son ya yi aiki a wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da masu sana'ar mai ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kusan rabin kwanan man. Yanzu dubi halin da motocinmu ke ciki: bazarar Maris zuwa Mayu da zafin gari ke wuce digiri 40, buhunan gero da wake a but, mutum 6 ko 7 a ciki, yashi a hanyoyin ƙauye, ga tsayuwa a shinge bayan shinge giya tana kan D ƙafa tana kan birki. Motar da aka ƙera don titin Turai, nan aikin jaki take yi. Saboda haka lissafin da aka yi mata can ba shi ne namu ba. Ga mota mai irin wannan wahala, abin da aka saba bi shi ne a juye man tsakanin kilomita 40,000 da 60,000. Kuma a lura, motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 1 kuwa kilomita 1.6 ne. Mita ma kanta ba abin dogaro ba ce a motar da ta bi hannu da yawa, don ana mai da ita baya. Man da ke ciki ya fi mita faɗin gaskiya.

Yadda ake duba man kafin a yi ciniki

Ka nemi farar takarda ko farin ƙyalle. Ka zaro gejin man giya, wanda daban yake da na baƙin mai, ka ɗiga a kai, ka duba a rana, ka shinshina.

In ja ne garau kamar zoɓo, ba wari, man yana da rai. In ya koma kalar shayi, ja-ja mai duhu, amma ba ƙauri, ya tsufa, lokacin juyewa ya yi. In baƙi ne yana ƙauri kamar tuwon da ya kama a tukunya, faiba ta riga ta ƙone. In ka murza shi a yatsa ka ji tsaki-tsaki, ko ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ƙarfe yana cin ƙarfe a ciki. In kuwa ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an dama nono da zoɓo, ruwa ya shiga. Yawanci bututun nan na cikin lagireto ne ya huje, kuma abin da ke huda shi tsatsa ce, don mun saba ɗura wa lagireto ruwan rijiya zalla. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, saboda haka irin wannan mota ba a ci gaba da tafiya da ita.

Wani abin lura: jan launi rini ne kawai aka sa don a bambanta shi da sauran mayuka. Akwai man giya na gaske da ba ja ba ne. Na Peugeot 406 da 307 da wasu Volkswagen kalar zuma yake tun yana sabo. Kada ka ga haka ka ce ya lalace.

Kuma mai sabo fil a tsohuwar motar da ake neman sayarwa, shi ma abin tambaya ne. Mai yiwuwa mai ita mai kula ne, mai yiwuwa jiya aka juye don a ɓoye ƙauri. Abin da zai raba gardama gwaji ne. Ka ce a bar maka motar ta kwana, ka zo da sassafe kai ka fara tayar da ita. Taka birki, sa D, ka ƙirga. Lafiyayyar giya tana kamawa cikin daƙiƙa 1 ko 2, da ɗan motsi kaɗan. Sa R ka sake ƙirgawa. In sai ta yi jinkiri sa'an nan ta buga kamar an daki bayanta, akwai magana. Sa'an nan ka hau titi, ka saurara. In a tsakanin giya ta 2 da ta 3 inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, sulɓewa ke nan. Ka yi tafiyar da za ta yi zafi sosai, ko da zuwa Katsina ne, don wata giyar sai ta yi zafi take nuna halinta. A tsofaffin Honda, harafin D na gaban direba yana ƙiftawa in kwamfutar motar ta ga matsala a giya. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke ƙiftawa. Mai motar da kullum ka zo ka tarar ya riga ya ɗumama ta, ka tambayi kanka dalili.

Kowace giya da nata man

Nan ne aka fi yin asara, kuma asarar ganganci. Alhaji ya aiki yaro ya ce, "Je ka sawo man giya." Yaro ya je, mai shago ya miƙo mashi mai kaurin nan mai lamba 90 ko 140, wanda na motar kuloci ne da na aksul. In aka ɗura shi a otomatik ba zai bi siraran hanyoyin nan ba. Man otomatik sunansa ATF, kuma shi ma iri-iri ne, don kowane kamfani da irin santsin da ya auna wa faibarsa.

Kamfanin General Motors na Amurka, wanda ya fara sayar da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, shi ya fito da man Dexron a 1967. Dexron III ya fito a 1993, Dexron VI a 2005. Ford yana da Mercon tun 1987. Yawancin jan man da ke shagunanmu Dexron II ne ko III, kuma shi ne daidai ga motoci da yawa na kafin shekarar 2000, kamar Camry mai silinda 4 ta 1997 zuwa 2001. Amma Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008, T-IV suke sha. Camry ta 2007 zuwa sama WS take sha, wanda ya fi ruwa-ruwa. Honda tana da nata, ATF-Z1, wanda daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. In ka sa wa Honda Dexron za ta yi tafiya, amma canjin giyarta zai riƙa fizga. Tsofaffin Hyundai da Kia SP-III ne nasu. Peugeot mai giyar AL4 tana son mai lamba LT 71141.

Akwai kuma wata giya da ake ce wa CVT, wadda bel ɗin ƙarfe ke ja a madadin haƙora, irin ta Nissan Murano ta 2003 zuwa 2024 da Corolla ɗin Amurka ta 2014 zuwa sama. A waje kamar otomatik take, amma manta daban ne ɗungurungum. ATF na yau da kullum yana kashe ta.

Ba sai ka haddace wannan duka ba. A motoci da yawa an rubuta sunan man a jikin gejin ko a kan marfinsa, kuma yana cikin littafin motar. A duba kafin a aiki yaro, a rubuta mashi a takarda.

Sai jabu. Tunda ja rini ne, ba wuya a rina wani mai a ɗura a tsohuwar roba. Ka sayi naka a wurin wanda ka sani, ka duba hatimin marfi ba a taɓa ɓalle shi ba, kuma ka guji wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka a bakin hanya, ƙura tana shiga. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa nesa, ka tuna araha ba ta ado. Robar da ka gama da ita kuma ka huda ta kafin ka yar.

Juyewa da wankewa, mene ne bambancinsu

Juyewa ita ce a kwance notin ƙasa, man da ke cikin faranti ya zube, a mai da noti, a zuba sabo daidai abin da ya fita. Sai dai abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan ba ya fitar da man duka. Mafi yawansa yana maƙale a kombata da tiyo da cikin bawul. Abin da ke fita bai wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba.

Ga lissafi irin namu na kasuwa. A ce giyabos yana cin lita 7 da rabi, juyewa ɗaya tana fitar da lita 3. Karo na farko, sabon mai ya zama kashi 40 cikin 100. Ka yi tafiya ya gauraya, ka sake juyewa, ya zama kashi 64. Karo na uku ya zama kashi 78. Watau da lita 9 ka sabunta fiye da kashi uku cikin huɗu, kuma a hankali, ba ka girgiza giyar ba. Wannan hanya ta sau uku ita kamfanin Honda ya yarda da ita ga motocinsa, bai yarda da wankin inji ba.

Wankewa kuma ita ce a fitar da tsohon man kusan duka a zama ɗaya. Iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaura wani inji a tiyo yana tura sabo yana karɓar tsoho, wani lokaci har a zuba wani maganin wanki. Akwai kuma wadda famfon giyar da kansa ke yin aikin: a cire tiyon da ke komo da mai daga lagireto, a sa bakinsa a jarkar da aka yi wa alamar lita, a tayar da mota, lita 1 ko 2 ta fita, a kashe, a zuba sabo daidai haka, a sake, har sai abin da ke fita ya yi kalar sabo. Wannan ta biyu ta fi sauƙin haɗari, don ba wani ƙarfi na waje da aka sa. Sharaɗinta mutum biyu, ɗaya a makulli ɗaya a jarka, kuma kada a bari famfo ya ja iska. Tana cin mai fiye da abin da giyar ke ɗauka, saboda haka a tanadi galan 3 na lita 4.

Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne wanke cikin giya da fetur ko kananzir ko gas. Suna cinye robobin da ke riƙe ƙarfin mai, kuma abin da ya saura a kombata zai tsinka sabon man.

Gaskiyar maganar "kada ka taɓa"

Masu cewa sun ga mota ta kwanta bayan an canza mata mai, ba ƙarya suke ba. Ga abin da ke faruwa. Giyar da ta yi shekaru ba a kula da ita ba, faibarta ta riga ta cinye, garinta yana yawo a cikin man, ya sa shi kauri da kaushi. Da wannan kaushin ragowar faibar ke ɗan kamawa. Ranar da aka zuba sabon mai mai tsabta, abin da take dogara da shi ya tafi, sai sulɓewa ta fito fili. Bugu da ƙari sabon mai yana da sinadarin wanki, yana iya ɓamɓaro dattin da ya daskare, dattin ya je ya toshe bawul. Wankin inji da magani ya fi saurin jawo wannan. Kuma yawancin mutane ba sa tunawa da man giya sai ta fara ciwo, sai a canza, ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta fara, a ɗora wa sabon mai laifi.

Saboda haka hukuncin ya kasu uku.

Mota mai jan mai ko mai kalar shayi, ba ƙauri, giya tana shiga lafiya: a juye ba fargaba. In ana so a yi wankin tiyo, babu laifi.

Mota mai mai da ya yi duhu sosai, ba a san ranar da aka taɓa canza shi ba, amma ba ta sulɓewa: a juye sau ɗaya kawai, a yi tafiyar mako 1 ko 2 ana saurare. In lafiya, a sake, har sau uku. Kada a kai ta wankin inji.

Mota mai baƙin mai mai ƙauri, ko mai garin ƙarfe, ko wadda ta riga ta fara sulɓewa: sabon mai ba zai mai da faibar da ta cinye ba. Wannan aikin kwancewa ne ko sauya giyabos. In saye za ka yi, ka cire kuɗin giyabos daga farashi tun a wurin ciniki, ko ka haƙura.

Yadda aikin ke tafiya a gareji

Ko ba kai za ka riƙe sufana ba, ka tsaya a kan motarka. A fara ɗumama ta, don mai ɗumi ya fi zuba, amma a yi hankali yana ƙona hannu. A ajiye ta a wuri mai daidai, nesa da inda iska ke kwaso yashi. A tari tsohon man a abin da za a iya aunawa, don abin da ya fita shi za a mayar.

In giyar mai faranti ce a ƙasa, kamar Toyota, a karo na farko a sauke farantin. A cikinsa akwai mayen ƙarfe. In ka ga laushin toka-toka ya lulluɓe shi, wannan cin yau da gobe ne, a goge. In ka ga ɓarɓashi da ido ke iya rarrabewa, labari ya canza. A canza filta, a sa sabon gasket. A hana bakanike lafta gam, don abin da ya matso ta ciki yana gutsurewa ya toshe filta. A goge da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Tsofaffin Honda ba su da faranti, noti ɗaya ne mai mayen ƙarfe a bakinsa, kuma abin da ke fita wajen lita 3 ne. Camry mai silinda 4 ta 1997 zuwa 2001 kuma tana da wani ɗaki daban na aksul a jikin giyabos, mai cin lita 1.6 na irin man nan, da notinsa daban. Ana yawan mantawa da shi har ya bushe.

Bayan an zuba ta mazurari mai tsabta, a tayar da mota, a taka birki, a bi da giya ta kowane harafi ana ɗan tsayawa, a komo P. A Toyota da yawancin motoci ana duba geji inji yana aiki, mai ya yi zafi, ya tsaya a alamar HOT. A Honda kuwa sai an kashe inji, a duba cikin minti 1 zuwa 1 da rabi. Wanda ya auna Honda da ƙa'idar Toyota zai sami lissafin banza. In man ya gaza, famfo zai ja iska, giya ta yi jinkiri. In ya yi yawa, ƙarafa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba, kuma zai riƙa tofowa ta sama. Cikawa fiye da alama ba gata ba ne.

Akwai motocin da ba su da geji sam, kamar Peugeot mai AL4, da Golf da sauran Volkswagen na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama, da Toyota da yawa masu shan WS. Waɗannan ta wani noti ake auna su, kuma sai man ya kai wani zafi na musamman: Volkswagen ɗin nan tsakanin digiri 35 da 45, AL4 wajen digiri 60. A kai su wurin wanda ke da na'urar da ke karanta zafin. Wasu an ce man nasu na har abada ne. Kamfanin Mercedes ya faɗi haka a kan giyarsa mai hawa 5 ta shekarun 1990, daga baya ya komo ya ce a canza a wajen kilomita 60,000. In haka ta faru a ƙasar sanyi, ina ga Jibiya a watan Afrilu.

Tsohon man kuma a tara shi a jarka a ba masu saye. Kada a zubar kusa da rijiya ko gona ko inda dabbobi ke sha.

Abin da ke ƙara wa giya kwana

In mota ta kafe a yashi, kada a yi ta watsa giya tsakanin D da R ana taka totur. Minti kaɗan na wannan yana dafa man. A sauka a haƙa, a tura. In an yi lodi mai nauyi ko an shiga yashi, a sa 2 ko L, ko a kashe O/D, don giya ta daina hawa da sauka. In tsayuwar shinge ta yi tsawo a mai da ita N ko P. Kada a sa R mota ba ta gama tsayawa ba. A kula da lagireto da fankarsa, don zafin inji zafin giya ne. In ka ga jan ɗigo a inda mota ta kwana, a nemi inda yake fitowa tun yana ɗigo.

Otomatik ba a tura ta ta tashi. Kuma in ta mutu a hanya, ba a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa, domin in inji ba ya aiki famfo ba ya aiki, ƙarafa za su yi ta juyawa a bushe. A ɗaga gabanta, ko a ɗora ta bisa wata motar. Wanda ya ja ta da igiya daga Riko zuwa Katsina don gyaran da bai taka kara ya karya ba, yana iya isa da giyabos ɗin da ya ƙone.

Kalma ga dillalai

Akwai masu zuba mai mai kauri ko wani magani a giyar da ke sulɓewa, don ta yi shiru kwana biyu a samu a sayar. Wannan algus ne, kuma a kasuwa irin tamu da kowa ya san gidan kowa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Dillalin da ya zaro geji a gaban mai saye da mai sayarwa, ya ɗiga a farar takarda, ya ce, "Alhaji ga abin da ke ciki, a yi ciniki a kan haka," la'adarsa ta yau tana iya raguwa, amma shi za a sake nema. In ka sayar da motar da ka canza wa mai, ka rubuta ranar da lambar mita da sunan man a takarda, ka haɗa da takardun motar. Mai saye zai san inda zai ɗora, kai kuma ka fita daga zargi.

Wanda ke da tsohuwar otomatik a gida, gobe da safe ya nemi farar takarda ya duba tasa. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kiyaye hanya.